Ƙarfen Bayan Zarto

"Kai ka kwance shi!" Isufu ya caƙumi rigar ƙanensa Marwan. "Aikin gaggawar da ka koyo a Kano ka kawo mana!"

"Wallahi Yaya, ban taɓa shi ba."

Mahaifinsu na kwance cikin dusar katako a shagonsu na kafinta, dafe da ƙirji. Ƙarfen bayan zarton injin, wanda ke hana katako matse haƙoran, ya zame gefe, notunansa biyu babu. Katakon ya matse, injin ya harbo shi baya, ya daki tsohon.

"Kada ka sake taka shagon nan!" Isufu ya ƙara ɗaga murya. Shi kansa ya ji hayaniyar ta yi yawa, amma shirun yake tsoro.

Ranar kasuwa ce, babu motar da za ta iya shigo lungun. Maƙwabta suka ce a ɗora tsohon a amalanke zuwa wurin likita.

"A'a, a nemo babur," Isufu ya ce da sauri.

Marwan ya riga ya jawo amalanken. "To ba ƙafar amalanken nan ta cire ba?" ya tambaya.

"Isufu ya gyara jiya," in ji tsohon da ƙyar. "Allah ya yi masa albarka."

Marwan ya durƙusa ya duba ƙafar. Noti biyu ne ke riƙe da ita, masu jan fenti irin na injin. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ɗago.

"Yaya, ina ka samo waɗannan?"