Reshen Mangwaron Inna Tabawa

Tun da aka mai da bishiyoyin gari rumbun adana hayaƙin da ke gurɓata iska, ba a sare ko reshe a Gusau sai da izini. Inna Tabawa ta bi inuwa har ofishin unguwa.

"'Yar nan, mangwarona ya zuro reshe ta taga har kan gadona."

Zulai ma'aikaciya ta duba allonta. "Inna, hayaƙin shekara tara ke cikinsa. Sai dai a canza miki ɗaki."

"Ni zan tashi?"

"Sunan mangwaron ne a kan takardar gidan yanzu."

Ta koma ta ja gadonta gefe. Da la'asar, nunanne ɗaya ya faɗo kan tabarmarta. Ta wanke ta sha, ta ce, "To, maigida, na gode."