Farantin Da Bai Kama Ba

Tun da suka iso filin, Guduma yake jin haushin Mai Wuta, wanda aka ɗauko ya kunna musu wutar hoto. Mutum siriri kamar tsinken tsintsiya, ga in'ina, ga ƙa'ida sai ka ce shi ya ƙirƙiro wutar. Ya jera bokitan yashi huɗu, ya jiƙa bargo ya ninke, ya tuge busasshiyar ciyawa da hannunsa, sannan ya tsaya yana watsa ƙasa sama wai yana duba inda iska take kaɗawa. Duk wannan bidiri a kan hoto ɗaya!

Hoton na matar Guduma ne. Tela ce, wata uku ta yi tana ɗinka wata jar riga mai mayafi yana jan ƙasa, tana so a ɗauke ta a ciki da harsunan wuta a bayanta, ta liƙa a ƙofar sabon shagonta. Shi kuwa Guduma direban tirela ne, kuma ba don wasa aka laƙaba masa sunan ba. Duk gareji an sani, ka zage shi wataƙila ya ƙyale ka, amma kada ka kalli matarsa sau biyu.

Mai Wuta ya kalle ta ya fi sau biyu. Har bakin mayafin ya kama ya murza, ya ce yadin roba ne, sai dai ta tsaya taku goma daga farantan ƙarfen da zai kunna wa wuta. Guduma ya haɗiye. Ya ciro taba, Mai Wuta ya ce a mayar. Ya sake haɗiyewa. Da aka ce masa sai an jira rana ta yi sanyi, nan ne tura ta kai bango.

"Malam, ƙarfe huɗu zan ɗauki kaya. Wuta muka ce ka kunna, ba wa'azi ba."

"Ba-bari in nuna maka, Maigida."

Mai Wuta ya zuba sifirit a faranti ɗaya, wani farin ruwa mai warin asibiti, ya ƙyasta ashana ya jefa. Ko ƙyalli babu. Guduma ya tuntsire da dariya, ya dungure masa kai a gaban matarsa da mai hoto.

"Ashana ma ta raina ka, ɗan tsurut!"

Mai Wuta ya buɗe baki, maganar ta maƙale. Sai ga iska ta fizge babbar lemar mai hoto ta nufi wajen jarkar sifirit da ita, ya kwasa a guje yana waiwaye yana ɗaga hannu. Guduma ya ga irin kallon da yake yi musu, ya ce a ransa wannan ƙullace ni ya yi.

Taku goma na me? Ya sa ƙaton takalminsa ya tura farantin har gindin mayafin, don in gwanin ya dawo ya kunna a gama. Ruwan ya yi tangal-tangal ya fallatsa a jelar yadin. Ya ji ƙaurinsa ya ɗauki zafi, ya tsine wa ranar. Mai hoto tana can ta duƙufa a kan kyamararta, matar kuma tana gyara ɗan kunne.

Bai ko juya ba ya ji ƙarar faɗuwa. Mai Wuta ne ya dawo da gudu ya banke matar, ta kifa da fuska a ƙasa. Ya danne ta da bargon, ya fizge mayafin daga kanta, ya hau ɗirka mata tafin hannu a baya, a cinya, a ƙafafu. Tana ihu, shi ko sassautawa bai yi ba.

Idon Guduma ya rufe. Ya damƙo wuyan rigarsa ya ɗaga shi sama ya maka da ƙasa. Naushin farko ya fasa masa hanci, na biyu ya zubo haƙora biyu a kan yashi. Abin da ya ƙara tunzura shi, ɗan banzan bai kare fuskarsa ba, rarrafe yake yana komawa wajen matar, hannu a miƙe. Guduma ya tokare shi a haƙarƙari har ya ji abu ya yi ƙas. Ya taka hannun da ya taɓa masa mata ya murje, fatar ta saɓule kamar jiƙaƙƙiyar takarda.

"Maigida, tsaya! Bayana, Maigida!" in ji matar daga cikin bargon.

A zatonsa, bayan nata da aka daka take nufi. Mai hoto ta riƙe masa riga tana kuka, ya watsar da ita. Wani wari kamar na ƙonanniyar leda ya cika masa hanci, bai bi ta kansa ba. Abin da zai rotsa kan mutumin nan da shi yake nema, idonsa ya faɗa kan farantin ƙarfen.

Mai Wuta yana kwance cikin jini, ya ɗago saɓulallen hannun, karo na farko maganarsa ta fito ba gargada.

"Kar ka taɓa. Wutar sifirit ba a ganinta da rana."

Guduma ya sunkuya zai sunkuci farantin, hularsa ta zame ta riga shi faɗawa ciki. A cikin farantin da ya tura da ƙafarsa har gindin mayafin matarsa, wanda zai iya rantsuwa bai taɓa kamawa ba, hular ta nannaɗe, ta yi baƙi, ta tashi da wuta.