Birkin da Ya Ƙi Sakin Alu

Shekara shida Alu yana jigilar albasa a a-kori-kurarsa daga Danwarai zuwa kasuwar Jega, bai taɓa jan birkin hannu ba. Tsatsa ta ci wayar birkin, don haka dutse yake sawa a bayan taya. Amma yau da ya tsaya a ƙofar gidan su Zinatu, sai hannunsa ya ja birkin bai sani ba.

Ya zo ne ya nemi izinin mahaifinta ya turo manyansa. Da ta fito suka haɗa ido, sai maganar ta maƙale masa. Ya sauke buhun albasa, ya ce na Innarta ne, ya faɗa mota. Ya sa giya, motar ta yi gurnani ta ƙi motsi.

Zinatu ta shiga gida ta fito da taɓarya. Ta sha ganin yayanta direba yana bubbuga ƙarfen tayar baya har birki ya saki.

"Kawo in buga," in ji Alu, gumi na karyo masa.

Ta rungume taɓaryar. "Buhu na huɗu ke nan a watan ga. Inna ta rasa wurin ajiya. Mi ke bakinka, Alu?"

Ya sunkuyar da kai. "Baba na ciki?"

"Tun buhu na biyu yake jiranka."

Ta durƙusa ta buga sau uku, birkin ya saki da ƙara.

"Ga hanya nan, in tafiya za ka yi," ta ce a hankali, ba ta dube shi ba.

Alu ya kashe mota. Ya nemo dutse ya tokare taya, sannan ya gyara zaman hularsa.