Dogon da Hannunsa Ya Yi Rawa

Shekarar da soja suka koma bariki, Hadasa ta kawo Benson gidansu a Kakuri ya gaida mahaifinta. Abu ɗaya ta roƙe shi tun a hanya: kada ya ambaci ƙwallon kwando.

Bai ambata ba. Baba Ishaya ne ya ɗauko zancen, don ba baƙon da ke tsira daga labarin ranar da 'yan kwalejin da yake horarwa suka ci kofi.

"Saura ƙiris a tashi, aka ba wani dogo cikin abokan karawarmu jifa biyu. Hannunsa na rawa! Ya zubar duka. Irin wannan ko akuya ba zan ba shi riƙo ba, balle 'ya."

Hadasa ta dubi shayin da ke hannun Benson. Yana neman zubewa.

Baba ma ya duba. Dariyarsa ta tsaya.

"Tashi tsaye, yaro."

Benson ya miƙe, ya sunkuya saboda fanka.

"Shi ne, Baba," in ji Hadasa. "Kuma shi nake so."

Baba ya dube shi daga sama har ƙasa.

"To. Duk samarin da ke sintiri a gidan nan, kai kaɗai ka taɓa yi mini alheri. Turo manyanka."