Mai Gyaran Wutar Jami'a

Ina tsakiyar jawabi lasifikar ta mutu. Hukumar jami'a ce ta sa a yanke, don mun taru a kan ɗalibin da aka kora saboda rubutunsa. Ɗaruruwan ɗalibai suka zuba wa bakina ido, yana motsi a banza.

Na san hannun da ya yanke. Mijina ne mai gyaran wutar jami'ar. Ko da safe sai da ya ce, "Malama, bi a sannu, a nan muke ci." Na ce, "Irinku ne kuka cuce mu, 'yan a-bi-a-sannu!"

Kwatsam lasifikar ta yi tari, ta farfaɗo. Fili ya kaure da ihu! Na yi ta zuba kamar an ɓalle famfo, har da abin da ban shirya ba. Na sauko ina dariya, kamar in yi fiffike.

A bayan dandamali na tarar da shi a tsugune, ya matse wayoyi biyu da filaya, ogansa a kansa yana rantsuwar sai ya kore shi.

Ya ɗago. "Malama, kin gama? Hannuna fa ya sage."

Na buɗe baki in yi godiya. A nan tawa lasifikar ta mutu.