Ranar da Jinin Tumaki Ya Ƙi Hawa

Likita ya buga ƙarfe a gaban manyan da suka zo ganin bincikensa.

"Ku dubi na'ura," in ji shi. "Da tunkiya ta firgita, ƙwaƙwalwarta za ta sa jininta ya hau."

Jini bai hau ba. Tumakin suka taso suna lasar baki.

Tsoho mai kiwonsu yana tsaye a gefe. Tun ranar da Likita ya kira shi jahili a gaban surukinsa, kullum sai tsohon ya buga ƙarfen nan kafin ya zuba wa tumakin dusa. Wata biyu cur.

Likita ya sake bugawa, jijiyoyin goshinsa suka tashi ruɗu-ruɗu.

Tsoho ya kwance abin awon jinin daga ƙafar tunkiya, ya miƙa masa.

"Ranka ya daɗe, gwada naka."