Sawun da Ya Riga na Tam

Tarihi ba ya yafe wa maƙaryaci. Sa'ar mutanen Van Tre ita ce, har yau tarihi bai gano hanyar ƙauyensu ba.

Littattafai biyu aka taɓa rubutawa a kan ƙauyen. Na farko shafi talatin ne, na biyu kuwa shi ne na farkon aka sake masa bango. Don haka da Malam Khiem ya ajiye alli bayan shekara arba'in yana koyarwa, dattawa suka ɗora masa rubuta na uku, a fito da shi kafin bikin masunta. Ya karɓa da sharaɗi guda: ba zai rubuta abin da ba shi da shaida biyu ba. Sharaɗin nan kaɗai ya cinye rabin tarihin ƙauyen, har da sarkin da aka ce ya taɓa kwana a gidan kakan kowa.

Babin da ake jira shi ne na Kaka. Haka suke kiran ƙaton kifin tekun nan mai girman jirgi, wanda masunta suka ce yana tallafo su in guguwa ta kifar da su. In ya mutu ruwa ya turo shi gaɓa, duk wanda ya fara ganinsa, mace ko namiji, ya zama babban ɗansa. Zai ɗaura farin ƙyalle a ka, ya yi makokin shekara uku, ba shagali, ba aure. Daga nan kuma shi ne a gaba a kowane biki har ƙarshen ransa.

Shekara arba'in da biyu ke nan wani masunci, Tam, yana riƙe da wannan matsayi. Shi ya ga Kaka mafi girma da ƙauyen ya taɓa binnewa, ana saura kwana tara aurensa da Nhan. Mahaifinta ya ce 'yarsa ba romon kifi ba ce, da za a rufe a tulu shekara uku ta ƙara daɗi. Nhan ba ta yi gardama ba. A shekara ta biyu ta auri wani malamin makaranta mai raunin ido da ke ba ta aron littattafai, wato Khiem. Tam bai ƙara neman aure ba. Ya samu farin ƙyalle, ya riƙe shi da hannu biyu.

Matsalar daga bakin Goggo Muoi ta fito, tsohuwa mai ɗinkin komar kamun kifi, wadda ba ta manta komai sai sunayen jikokinta.

"Rubuta, Malam," ta ce, ko kai ba ta ɗago ba. "Da muka isa gaɓa ranar da Tam ya ga Kaka, akwai wani ɗan ƙaramin sawu a yashi. Ya gangara har wurin Kaka, ya juyo da gudu. Ba na Tam ba ne. Tam da ƙafa kamar filafili?"

"Shaida ɗaya ke nan, Goggo."

"To nemo ta biyu mana. Aikin me kake yi?"

Khiem ya san inda maganar ta nufa. In aka samu shaida ta biyu, za a kwance wa Tam ƙyalle yana ɗan shekara saba'in, a gaban jama'a, da littafin Khiem a hannun mai kwancewar. Ya riga ya auri matar da Tam ya so. Ba ya jin ya kamata ya haɗa da ƙyallen. Amma sharaɗi nasa ne, ba wanda ya tilasta masa, kuma gari duk ya ji.

Ya bi gida-gida. Mutum goma sha huɗu da suka ga Kaka a safiyar nan suna raye. Duk sun yarda yana kwance kansa na kallon teku. Sun yarda ya yi wari. A kan sawu kuwa, kowa ya ce shi kifi ya je kallo, ba yashi ba.

Saura Tam. Ya same shi a bakin ruwa yana shafa wa kwalekwalensa ƙaro, irin zagayayyen nan mai kama da kwando.

"Me ya kai ka gaɓa da asubar nan? Ba ranar fita ba ce."

"Taga aka ƙwanƙwasa mini, aka ce kwalekwalena ya kwance."

"Wa ya ƙwanƙwasa?"

"Haba Malam, shekara arba'in da biyu! Abin da na ci jiya ma sai na tambayi cikina."

"Kwalekwalen ya kwance ɗin?"

"A ɗaure na same shi, tamau." Tam ya yi dariya, ya ci gaba da shafa. "Ka gaida mutanen gida."

Shaida ɗaya, ke nan babu. Khiem bai taɓa ƙaunar sharaɗinsa kamar ranar ba. Ya koma gida ya rubuta babin a zama ɗaya: Tam ne ya fara gani, Tam ne babban ɗa, bisa shaidar mutum goma sha huɗu.

Nhan ce ke duba masa rubutu saboda idonsa. Tarihi bai taɓa damunta ba, amma ba ta barin kuskure ya wuce, a takarda ko a kasuwar kifi. Ta karanta babin tana kurɓar shayi, ta ce ya kyauta wa Tam, mutumin kirki ne, dama ƙyallen ya fi dacewa da shi. Sai ta dafa wani layi da ɗan yatsa.

"Nan kam ka yi kuskure, tsoho."

"Shaidu goma sha huɗu, Nhan. Duk sun ce teku yake kallo."

"Su sun makara," ta ce, ta buɗe shafi na gaba. "Tudu yake kallo. Ruwa ne ya juya shi kafin in je in taso Tam."